Yadda Ɗaliban Yeshiba Suka Yi Karatu Da Aljihu Wayam

'Yan'uwa matasa, kukan rashin kuɗin makaranta ba yau aka fara shi ba. Tarihin yeshiba, wato makarantar da Yahudawa ke koyon Attaura da Talmud, cike yake da labarin ɗaliban da suka yi karatu cikin yunwa.

Talmud ya ba da labarin Hillel, wanda ya rayu gab da zamanin Yesu, kuma al'adar Yahudawa ta ce shi ne kakan Gamaliyel, malamin Manzo Bulus. Hillel ɗan ƙwadago ne. Kullum yakan raba ladan aikinsa biyu, rabi don cefanen gida, rabi ga mai gadin makaranta. Wata Jumma'a cikin hunturu bai samu aiki ba, mai gadi ya hana shi shiga. Sai ya hau rufin ɗakin ya kasa kunne ta tagar sama don ya ji karatun malamansa, Shemaya da Abtaliyon. Da safe aka same shi ƙanƙara ta rufe shi. Malaman suka sauko da shi suka zaunar da shi bakin wuta, ko da yake ranar Asabar ce.

A Gabashin Turai kuwa, garuruwa suka ɓullo da tsarin da ake kira "kwanakin ci". Ɗalibi baƙo yakan ci abinci a gida daban kowace rana ta mako, ya kwana a kan benci a ɗakin karatu. Tsarin ya ciyar da dubban yara, amma yana da ɗaci. Wanda bai samu gida bakwai ba, akwai ranar da zai wuni da yunwa. Wanda ya samu kuma, sau da yawa yakan ci ne kansa a sunkuye.

A 1803 Rabbi Hayyim ya kafa yeshiba a garin Bolozhin, da ke ƙasar Belarus ta yau, ya kuma sauya wannan tsari. Ya tura wakilai gari gari suna karɓar gudummawa, makarantar kuma tana ba kowane ɗalibi ɗan alawus na haya da abinci. Ta haka nauyin ya tashi daga kan ƙaramin gari ɗaya ya koma kan al'umma baki ɗaya, ɗalibi kuma ya daina zaman jiran tukunyar wani. Ɗaliban sun kai kimanin 400 kafin gwamnatin Rasha ta rufe makarantar a 1892.

Rabbi Meir Shapiro ya ƙara gaba. A 1930 ya buɗe babbar yeshiba a Lublin ta ƙasar Folan, mai ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci, domin ya ga talauci yana zubar da mutuncin masu karatu. Kuɗin ginin ya fito ne daga Yahudawan Folan da na ƙetare, har da Amurka.

Hillel ya hau rufi ne saboda an ajiye mai gadi a ƙofa. Bolozhin da Lublin suka yi ƙoƙarin ganin talauci bai tsare wa kowa ƙofar ba. Idan akwai ɗan'uwa a ikilisiyarmu da ke shirin barin makarantar Littafi Mai Tsarki saboda kuɗin zango, kada mu tsaya ga yaba haƙurinsa. Mu kai maganarsa gaban dattawa, mu haɗa abin da ya sawwaƙa, mu kuma miƙa masa a asirce.