Daga Karan Ɗori Zuwa Siminti: Tarihin Gyaran Karayar Hannu

Maudu'inmu na wannan mako shi ne karaya da ɗori.

A ƙasashen sanyi, lokacin hunturu ne asibitoci ke cika da masu karyayyen hannu, saboda santsin ƙanƙara. Mu nan Rara da Rabah har Wurno da Goronyo ba mu da ƙanƙara, amma muna da laka ta fadama da damina, da bishiyar mangwaro, da jaki, ga kuma kabu-kabu. Faɗuwar iri ɗaya ce: mutum ya kai tafin hannu ƙasa don ya tare jikinsa, sai ƙashi ya karye a wuyan hannu, in yaro ne kuma sau da yawa a saman gwiwar hannu.

Kafin zuwan asibiti wurin maɗori ake zuwa, kuma har gobe shi ne zangon farko ga yawancinmu. Sana'ar gado ce, har sarautar Sarkin Ɗori akwai a garuruwa da dama. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani, ciki har da ciwon ido da basir. Ɗori kuwa a hannu ya fi zama, ɗa yana kallon uba. A ja hannun, a daidaita ƙashi, a shafa man shanu, a jera kara, a ɗaure. Wannan ilmi ne na gaske, kowa ya san wanda aka ɗora ya warke sarai. Haka ma Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya keɓe sashe guda kan karaya a littafinsa At-Tasrif, kuma ja da daidaitawa da ɗauri ya bayyana.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, likitancin ƙashi na Turai ma yana da jini ɗaya da maɗora. Hugh Owen Thomas (1834–1891), wanda Birtaniya ke ɗauka uban wannan fanni, ɗan gidan ɗori ne daga yankin Wales. Mahaifinsa maɗori ne da bai yi karatun likita ba, amma ya tura 'ya'yansa suka yi. Ƙarfen ɗorin da Thomas ya ƙera shi ne ya ceci ɗimbin sojojin da suka karye a cinya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kafin nan, a farkon shekarun 1850, wani likitan sojan Holan, Antonius Mathijsen, ya fito da bandejin da muke ce wa siminti. A 1895 Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Daga nan mai gyara ya daina dogara da lalube kaɗai.

Sai dai wurin da nake so mu tsaya shi ne 1881. A shekarar ne likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana wata nakasa: hannu ya shanye, yatsu su lanƙwashe, ba sa sake miƙewa. Da ya bi sawu sai ya tarar ba karayar ce kaɗai ke jawo ta ba, ɗauri ne mai tsanani. Hannun da ya karye yakan kumbura a kwanakin farko. In an matse shi, kumburin ba ya da wurin zuwa, sai ya toshe hanyar jini, cikin 'yan sa'o'i nama ya fara mutuwa. Kun ga ashe kuskuren ba na Bahaushe ba ne shi kaɗai. Bambancin, su sun rubuta shi, suka sa shi cikin karatun kowane ɗalibi. Mu kuwa har yanzu akwai gidajen da in yaro yana kuka da dare sai a ce ƙashi ne ke haɗuwa, ya yi haƙuri. A ganina wannan magana ta ci hannuwa fiye da karayar kanta.

Asibitin ƙashi na Dala a Kano ya buɗe a 1959, yanzu kuma akwai na Wamakko da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Amma kuɗin mota da na hoto, da tsoron kada a yanke hannu, suna mayar da mutane ga kara. Abin takaici, sau da yawa hannun da aka yanke a asibiti ya riga ya ruɓe ne kafin a kai shi, labarin kuma ya dawo ƙauye a matsayin laifin likita.

Ƙashin hannun yaro yakan haɗu cikin mako huɗu zuwa shida, na babba ya fi haka daɗewa, sannan a bi da motsa gaɓa a hankali don kada ta sandare. Ko kara ne ko siminti, in yatsu suka yi sanyi, ko suka sauya launi, ko suka mutu ba a jin taɓawa, ko ciwo ya tsananta in an miƙe su, a sassauta ɗaurin a nemi asibiti a wannan daren. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa, tun farko ta asibiti ce.