Takalmin Doki da Santsin Titi: Matsalar da ta Addabi Turai Kafin Zuwan Mota

1/ Zaren yau kan wani ɗan ƙarfe ne da ba a cika kula da shi ba: takalmin doki. Santsinsa ya kashe dawakai, ya tsayar da kasuwanci, har da hannunsa a karyewar rundunar yaƙi. Ku biyo ni 🧵

2/ Turawa kan buga wa doki ƙarfe a kofato don kada duwatsun hanya su cinye shi. To amma ƙarfe in ya sha tafiya gogewa yake yi, ya koma sumul. Ya haɗu da jiƙaƙƙen dutse ko ƙanƙara? Sai dai a ji tim.

3/ A 1812 Napoleon ya ɗanɗana kuɗarsa. Ya baro Mosko a watan Oktoba, ƙanƙara ta riske shi a Nuwamba, kuma yawancin dawakansa takalmansu ba su da haƙoran kama ƙasa. Doki ya kasa hawa tudu, dole a bar igwa da keken abinci a nan.

4/ Caulaincourt, mai kula da bargar sarkin, shi ya yi dabara tun da wuri, ya sa aka yi wa dawakan da ke hannunsa takalmin ƙanƙara. Kun ga dai, da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma in tashin ya zama dole, a yi shiri.

5/ Mu dawo Landan. A ƙarni na 19 komai doki ke ja: bas, tasi, kayan kasuwa. A 1869 aka fara shimfiɗa kwalta a tsakiyar birnin. Ga tsafta, ga sauƙin ƙara, amma da an yi yayyafi ya cakuɗe da kashin dawakai, titi ya zama kamar an zuba miyar kuɓewa.

6/ Faɗuwar doki ba wasa ba ce fa. Sai wani ya danne kansa, a kwance masa kayan ja, sannan a tayar da shi, bayansa kuwa layi ya toshe. In ƙafa ta karye, harbewa ake yi. Mai doki ɗaya, jarinsa ya tafi ke nan.

7/ A 1873 injiniyan birnin, William Haywood, ya sa aka tsaya a tituna ana ƙirga faɗuwar dawakai a kan dutse, kwalta da katako. Daɓen katako ne ya fi aminci, kwalta kuwa ta fi haɗari in ta ɗan jiƙe.

8/ Sai aka tunkari abin ta fuska biyu. Ta titi: a watsa yashi da tsakuwa, a shimfiɗa gutsattsarin katako. Ta ƙafa: maƙeri ya lanƙwasa ƙarshen takalmin ya zama haƙori, ko ya buga ƙusa mai tsinin kai lokacin sanyi. Daga baya aka samu haƙoran da ake ɗaurawa a kwance, da kuma shimfiɗar roba.

9/ A shekarun 1920 Jamusawa suka haɗa wani ƙarfe mai tsananin tauri daga tungsten. Shi ake ɗigawa a takalmi ko a kan ƙusa har yau, domin kwalta ba ta saurin cinye shi.

10/ Sai dai akwai wani hanzari. Kofato na bukatar ɗan zamewa kaɗan in ya taka ƙasa, shi ke rage girgiza. In kamun ya yi yawa, gaɓoɓi da jijiyoyi ne ke ɗaukar dukan. Shi ya sa gwanin maƙeri ke auna abin daidai aikin dokin.

11/ Mu a ƙasar Hausa, dawakanmu kan tafi ba takalmi, don rairayi suke takawa. Amma yanzu hawan sallah a kan kwalta ake yi, har da sukuwa da jan linzami farat ɗaya. Masu shirya hawa, yashin nan da Landan ta watsa ba tsada gare shi ba.

12/ Masu kiwon dawakai, ya kuke yi da santsin kwalta? Ku faɗa mana mu ƙaru. Allah ya tsare mahaya da abin hawansu.