Daga Zaure Zuwa Kongo: Tarihin Koyar da Dokar Ƙulla Ciniki a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta bi sawun koyar da dokar ƙulla ciniki a Arewacin Nijeriya, da kuma matsayin da harshen Hausa ya samu a kowane zango.

2.0 Zamanin Zaure

Tun kafin zuwan Turawa, ɗalibin fiƙihu yakan karanci babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalai suka fi riƙo da ita. Malam yakan ja nassi da Larabci, ya warware shi gaɓa-gaɓa da Hausa. Ta wannan hanya kalmomi irin su riba da ijara da shuf'a suka zauna a bakin malamai da alƙalai. Kasuwa ita ma tana da nata: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama, a ba da kafin alƙalami, dillali ya karɓi la'ada. Tayi da sallamawa su ne abin da fiƙihu ya kira ijabi da ƙabuli.

3.0 Zamanin Turawa

Mulkin mallaka ya shigo da dokokin Ingila waɗanda ke aiki ranar 1 ga Janairu, 1900, ciki har da dokar sayar da kaya ta 1893. Kotunan Turawa suka riƙe su, kotunan alƙalai suka ci gaba da mazhabar Malikiyya. Domin amfanin joji-joji da razdan-razdan, F. H. Ruxton ya taƙaita Muhtasar da Ingilishi a 1916, daga fassarar Faransanci. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Daga cikinta Shaihu Abubakar Gumi ya fito.

4.0 Zamanin Jami'a

Kwamitin masana shari'a na 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, shi ya share fagen dokar Final Kot, wadda ta fara aiki a 1960. An fassara ta zuwa Hausa, aka horar da alƙalai a kanta a Kongo, Zariya. Dokar ciniki ta Ingila ba ta sami irin wannan gata ba, domin mafi yawanta a warwatse take cikin hukunce-hukuncen kotuna. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a 1966, sai Ingilishi ya zama harshen aji. Littafin Itse Sagay na 1985 ya zama madogarar ɗaliban wannan fanni. Ta fuskar tarihi kuwa, Allan Christelow ya buga fassarar wasu shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas a 1994.

Sakamakon wannan rabuwa a bayyane yake cikin harshe. Kalmar kwangila, wadda aka aro daga Ingilishi, ta taƙaita ga aikin gini da hanya da samar da kaya, ba ta ɗauki faɗin ma'anarta ta asali ba. Yarjejeniya kuwa ta yi faɗi, domin ba kowace yarjejeniya kotu ke tilasta cikawa ba. Tafinta a kotu shi ke zaɓe tsakaninsu nan take, alhali haƙƙin mai ƙara na iya rataya ga kalma guda.

5.0 Kammalawa

Hausa ta daɗe tana ɗauke da ilimin ciniki, a zaure da kasuwa da gaban alƙali. Aikin da ya rage wa masana harshe da malaman shari'a shi ne su tattara waɗannan kalmomi daga bakin 'yan kasuwa da kundayen kotunan alƙalai, su tantance iyakar ma'anar kowace, kafin a koma ga ƙirƙirar sababbi.