Bango da doka: darasi daga tarihin wani farfesa

Kakanninmu ba su ɗauki zane a bango a matsayin laifi ba. A Zariya da Kano magini kan ƙawata fuskar zaure da dagi da takobi, daga baya har da keke da agogo. Mai gida ya biya, masu wucewa su sha kallo kyauta. Da manyan motoci suka zo, zanen ya hau jikinsu: zaki, ɗawisu, da karin magana a goshin mota.

Abuja kuwa da nata tsarin ta zo. Janar Murtala ya kafa ta da doka a 1976, gwamnati ta tare a 1991. Birni ne da aka zana a takarda kafin a aza tubali, saboda haka bango ma yana da hukuma. Allon talla sai da izini, rubutu a gada ko katangar gwamnati kuwa ɓata gari ake ɗaukarsa. Rusau na zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007, ya kwashe shaguna da yawa tare da aikin masu fentin da suka ƙawata su.

To, wa zai tsaya wa irin wannan fasaha ta talaka? A nan ne tarihin Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe mu. An haife shi a Kano a 1956, ya zama farfesan ilimin koyar da kimiyya a Jami'ar Bayero a 1997. Sai ya juya kan abin da manya ke rainawa: littattafan soyayya, finafinan Hausa da waƙoƙin matasa. Da Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, yana cikin masu nazarin yadda doka da masu fasaha ke jan igiya. Wannan aiki ya kai shi ga kujerar farfesa ta biyu a 2012, sannan ya shugabanci jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, a nan Jabi, daga 2016 zuwa 2021.

A Turai da Amurka har akwai malaman falsafa da zanen titi ne fanninsu. Suna tambaya: bangon da ke kallon hanya na mai shi ne kaɗai, ko jama'a na da haƙƙi a kai? Mu ma tambayar tana gabanmu, domin yaranmu ne ke fentin shaguna da Keke Napep, su ne kuma ake kamawa.

Ba mu ce a rubuta a katangar wani ba da yardarsa ba. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Amma idan ɗanmu ya ce zai karanta zane ko shari'a don ya kare masu wannan sana'a, kada mu ce masa ya ɓata kuɗin makaranta.