Daga kwamanda zuwa darakta: tarihin mugun shugabanci a wurin aiki a jihar Maraɗi

1. Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da ƙananan ma'aikata a Sae Sabuwa, ko Gidan Runji, ko Agye da Gazawa, malaman lakwal ne ko ma'aikatan gidan likita, ya san irin kukansu: shugaba mai tsawa a gaban jama'a, albashi mai makara, da tura mutum ƙauye mai nisa don horo. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan halin mutum guda. A cikin wannan takarda muna so mu nuna cewa al'amarin yana da tarihi. Aikin hukuma ya shigo ƙasar nan ta hanyar umurni da bulala, kuma ko da doka ta canza, salon shugabancin bai canza tare da ita ba.

2. Ubangida da bara

Kafin zuwan Nasara akwai bauta, akwai zalunci. Ba mu ce zamanin ya fi na yau daɗi ba. Amma ga ɗa mai 'yanci, aiki a ƙarƙashin wani yana tafe da haƙƙi ta fuska biyu. A gandu, saurayi yakan yi wa maigida noma wasu kwanaki, sauran ya yi a gamanarsa, maigida kuma ya ciyar da shi, ya yi masa aure. Haka ma a fatauci. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda dangantakar ubangida da bara ta ɗore har cikin kasuwancin zamani. Darajar ubangida tana ga arzikin mutane, wato yawan masu binsa. In ya wulaƙanta bara, bara ya koma gidan wani, kunya kuma ta hau ubangida. Wannan damar tashi ita ce linzamin mai iko.

3. Darasin Maijirgi, 1899

Ayarin Faransawa da ya ratsa yankin nan a 1899 shi ne na kaftin Voulet da kaftin Chanoine. An san ɓarnar da suka yi a Birnin Ƙwanni da garuruwan da ke kan hanyarsu. Abin da ya shafe mu a nan shi ne cikin ayarin kansa: ɗaruruwan 'yan dako da aka kama da ƙarfi, da sojoji baƙar fata da ake yi wa hukunci mai tsanani. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko don ya karɓe ayarin, a Dankori kusa da Tasawa. Da sojojin suka gane shugabanninsu sun yanke da gwamnatinsu, sai suka yi tawaye: suka kashe Chanoine ranar 16 ga wata, Voulet kuma washegari. Kaburburansu suna Maijirgi. Sojojin nan ba tsarkaka ba ne, da hannunsu aka ƙone garuruwa. Duk da haka, labarin ya nuna inda shugabancin da babu mai ce masa a'a yake ƙarewa.

4. Zamanin aikin dole

Da mulki ya zauna, da farko a Tasawa, daga 1927 kuma a Maraɗi, kwamanda ya zama shi ne alƙali, shi ne mai karɓar lanho, shi ne mai ɗaukar ma'aikata. Dokar da ake kira indigénat ta ba shi ikon ɗaure talaka kwanaki ba tare da shari'a ba. Kowane baligi yana da kwanakin aikin dole a shekara: gyaran hanya, ginin bariki, ɗaukar kaya. Umurni yakan sauko daga kwamanda zuwa sarkin kanto, daga nan zuwa maigari, gardi kuma yana tsaye da bulala. Kowane mataki yana jin tsoron na sama, yana huce haushi a kan na ƙasa.

Talaka ya koma ga tsohon makaminsa, wato tashi. Iyaka tana kusa, mutane da yawa suka tsallaka ƙasar Katsina. Can ma ba a tsira gaba ɗaya ba, domin tsakanin 1942 da 1944 Ingilishi sun kwashi mutane da tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Faransa ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 kan aikin dole a 1937, amma sai ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar Houphouët-Boigny ta soke shi.

5. Sandika da doka

Bayan yaƙin duniya na biyu ma'aikata suka sami makami na biyu. Yajin aikin 'yan reluwe na 1947 zuwa 1948, da yajin gama-gari na 3 ga Nuwamba 1952, sun taimaka wajen fitowar dokar ƙwadago ta 15 ga Disamba 1952, mai awa 40 a mako, da hutu mai albashi, da masu binciken wuraren aiki. A Nijar, Djibo Bakary ya yi suna a sandika kafin ya shugabanci Sawaba. Sai dai dokar ta fi amfanar ma'aikacin birni. Leburan da ke ɗaukar buhunan gyaɗa lokacin kaka a kasuwannin ƙauye, hannun mai bincike bai cika kai gare shi ba.

6. Bayan mulkin kai

A 1960 'yan ƙasa suka gaji ofis, suka gaji salonsa. A shekarun 1990, bayan taron ƙasa na 1991, gwamnati ta kasa biyan albashi a kan lokaci, bashin watanni ya taru, darajar sefa ta faɗi da rabi a Janairu 1994, ƙungiyar USTN kuma ta yi ta kiran yaji. Daga ƙarshen waɗannan shekaru aka fara ɗaukar malaman kwantiragi, masu ƙaramin albashi da ba su da tabbacin aiki, har suka fi yawa a lakwal ɗin ƙauye. Irin wannan malami ba shi da ƙarfin musu da darakta ko sufeto. Binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, da littafin Jaffré da Olivier de Sardan na 2003 kan gidajen likita, sun nuna ratar da ke tsakanin dokar takarda da abin da ake yi, da yadda wulaƙanci yake saukowa har ga maras lafiya. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta hana aikin dole da matsa wa ma'aikata da neman lalata, amma kai ƙara daga Sae Sabuwa yana bukatar kuɗin mota zuwa Maraɗi da ƙarfin zuciya.

7. Kammalawa

Ma'aikacin yau ya faɗa tsakanin tsari biyu. Shugabansa ba ya ɗauke da haƙƙin ubangida, shi kuma ba shi da damar bara ta komawa wani gida, saboda ƙarancin aiki. Abin da ya rage masa shi ne yaji, ko shiru, ko sakaci da aiki, wanda ɗan lakwal da majinyaci ke biyan kuɗinsa. A ganinmu, wa'azi ga shugabanni bai isa ba. Tarihin da muka bi ya nuna mai iko yakan gyaru ne idan na ƙasa yana da inda zai kai kuka, a saurare shi, kuma ya koma bakin aikinsa lafiya.