Daga La'ada zuwa Albashi: Tarihin Ladan Mai Sayar da Kayan Wani

Gabatarwa

A yau idan aka yi zancen aikin tallata kaya, abin da ke faɗo wa matashi a rai shi ne ofis da mota da albashin ƙarshen wata. To amma sana'ar haɗa mai kaya da mai saye ta girmi kamfani, ta kuma girmi albashi. Tun kafin zuwan Turawa Hausawa sun tsara ta hawa-hawa, kowane mataki da sunansa da irin ladansa. Wanda ya bi sawun tarihinta daga Kano zuwa Salaga da Kumasi da Maraɗi zai tarar cewa a kowane zamani babban rabo yana hannun wanda aka amince wa da dukiyar wani.

Ayarin Gwanja

A ƙarni na 19 ba fataucin da ya kai na goro suna a ƙasar Hausa. Fatake, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kan ɗauki kanwa da tufafi da kayan fata su nufi Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, su sayo goron dazuzzukan Asante a kasuwar Salaga. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci har shekara.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa goron da ke shiga birnin a shekara ya haura kayan jaki 500, kuma kayan jaki guda da ya iso lafiya akan sayar da shi wajen wuri 200,000. Shi ne kuma ya ce wuri 50,000 zuwa 60,000 kan riƙe iyali shekara guda, ci da sutura. Ke nan kuɗin kayan jaki ɗaya ya kai abin da gida zai ci shekara uku ko huɗu. Sai dai wannan kuɗin sayarwa ne, ba a cire uwar kuɗi da fito da garama da guzuri ba. Ga shi kuma goro kaya ne mai saurin lalacewa, sai ana kwance shi a hanya ana tsince wanda ya ɓaci ana yayyafa ruwa.

A ƙasan tsanin ayari akwai yara masu kora jakai da ɗaurin kaya. Ladansu abinci ne da sutura da damar cusa ɗan kayansu cikin na ubangida, kuma daga wannan 'yar dama ce jarin mutum ke tsirowa. Sama da su akwai falke mai dabbobinsa. Sai jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai tara kuɗin da za a biya sarakunan hanya, da malamin ayari mai rubutu da addu'a. A can ƙoli madugu yake. Shi ke tsayar da ranar tashi, shi ke cinikin garama da sarakuna, shi ke raba gardama. Ba mai yanka masa albashi. Samunsa na fitowa daga kyautar fatake da ribar nasa kayan, kuma duk shekarar da ya dawo da ayari lafiya mabiyansa na baɗi ƙaruwa suke yi. Sunan wasu madugai ya kai nesa: Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, wanda ya yi wa Bajamushe Flegel jagora a Adamawa, har Jamus ya raka shi a 1884.

Mai gida da dillali

In ayari ya isa zango, aiki ya koma hannun waɗansu. Baƙo bai san farashi ba, bai san wanda ke biyan bashi da wanda ke cinyewa ba, kuma da ɗan gari akan ci gari. Saboda haka yakan sauka gidan fatoma, wato mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Kalmar dillali daga Larabci aka aro ta, haka ma la'ada, wadda asalinta ke nufin abin da aka saba. Sunan ya dace, domin la'ada wani kaso ne na kuɗin ciniki da al'adar kasuwa ta tsayar. In ciniki ya faɗa dillali ya samu, in bai faɗa ba ya kwana da hannu wofi.

Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan hanyoyin arewa ya yi rauni, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga. Fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Accra, daga baya Kumasi, suka tafi da tsarinsu. Polly Hill ta nazarci masu gida da dillalan cinikin shanu a Kumasi, Abner Cohen kuma ya yi irin wannan nazari a Sabon Ibadan cikin littafinsa na 1969. Abin da suka gano ya yi kama: ana ba mahauta shanu bashi, mai gida kuma shi ke tsaya wa baƙonsa. In mahauci ya gudu da kuɗi, mai gida ne zai biya, ko kuwa baƙi su ƙaurace wa gidansa. Shi ya sa dillali ke aiki a ƙarƙashin mai gida, kuma burin kowane dillali shi ne wata rana ya sami gida da baƙin kansa.

Zamanin kamfanoni

Isowar jirgin ƙasa Kano, wanda aka buɗe wa 'yan kasuwa a 1912, ta buɗe kasuwar gyaɗa. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi amma ba su san manoma ba, don haka dole suka nemi waɗanda suka sani. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin gidan Agalawa, ya fara da fataucin goro ta Accra, sannan daga 1918 ya shiga sayen gyaɗa wa kamfanin Niger. Kamfani ya ba shi kuɗi, shi ya rarraba wa yaransa a ƙauyuka, a biya shi kamasho gwargwadon abin da ya kawo. An ruwaito cewa a 1929 raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya a banki a Kano. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

A Maraɗi ma haka abin ya gudana. Da yawa daga alhazan birnin, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun fara ne da sayen gyaɗa wa kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA, daga baya kuma wa SONARA, wadda gwamnatin Nijar ta kafa a 1962. Da farin shekarun 1970 ya karya gyaɗa, sai suka juya ga fataucin ƙetare iyaka da Nijeriya. Kaya ya sauya, amma barori da abokan hulɗa suna nan, abin da 'yan kasuwar Maraɗi ke kira arzikin mutane.

A gefen waɗannan ne wani sabon mutum ya ɓullo, wato akawun kanti mai karatun boko, wanda ake biya wata-wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Talla ita ma ta zama sana'a mai zaman kanta: an kafa kamfanin West African Publicity a 1928, wanda daga baya ya koma Lintas, kuma a 1988 Nijeriya ta kafa hukumar APCON don yi wa masu sana'ar rajista. Albashi ya kawo kwanciyar hankali da la'ada ba ta da ita, amma ya zo da iyaka. Akawu ya san abin da zai karɓa, ya kuma san ba zai wuce shi ba. La'ada kuwa ba ta da rufi, ba ta kuma da garkuwa. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta zartar a Ghana a ƙarshen 1969 ta raba 'yan kasuwa da yawa daga Nijeriya da Nijar da gidaje da abokan cinikin da suka shekara suna tarawa.

Kammalawa

Kamfanonin sadarwa da na siminti da na kayan masarufi a yau sun gaji tsarin biyu gaba ɗaya. Jami'in tallace-tallace kan karɓi albashi, a ɗora masa kamasho in ya cika adadin da aka yanka masa, babban dila kuwa, kamar mai gidan Kumasi, yana karɓar kaya da yawa ya rarraba bashi ga waɗanda ya sani. Saboda haka ɗalibin da ke tambayar nawa ake biya a wannan fage yana bukatar ƙarin tambayoyi biyu: nawa ne tabbatacce cikin kuɗin, nawa ne ya rataya a kan ciniki, kuma su wa za su bi shi in ya bar kamfanin? Takardar shaida tana shigar da mutum matakin farko. Hawa sama kuwa, tun zamanin madugai, yana bin yawan waɗanda suka ba shi amana suka same ta yadda suka bari, domin mutane ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba.