Filin da Aka Saya Dala Ɗaya: Love Canal da Asalin Binciken Ƙasa Kafin Gini

A watan Afrilun 1953, hukumar ilimi ta birnin Niagara Falls da ke jihar New York a Amurka ta sayi wani fili daga kamfanin sinadarai na Hooker a kan dala ɗaya tak. A takardar cinikin an rubuta ƙarara cewa akwai sharar sinadarai binne a wurin, kuma kamfanin ya zare hannunsa daga duk wata cuta ko asarar rai da ka iya biyo baya. Birnin na bunƙasa a lokacin, ajujuwa sun yi kaɗan, sai hukumar ta sa hannu. Da magina suka fara haƙa harsashi suka ci karo da sharar, abin da aka yi kawai shi ne matsar da ginin gefe kaɗan. A 1955 aka buɗe makarantar firamare, gidaje kuma suka kewaye ta.

Asalin wurin mashigin ruwa ne da wani ɗan kasuwa, William Love, ya fara haƙawa a shekarun 1890 domin samar da wutar lantarki daga kogin Niagara. Kuɗi suka ƙare, aka bar dogon rami mai ɗauke da sunansa, Love Canal. Daga 1942 zuwa farkon shekarun 1950, Hooker ya zuba kimanin tan 20,000 na sharar sinadarai a ciki, ya rufe da yumɓu. Aikin shimfiɗa tituna da magudanan ruwa ya farfasa wannan murfi. Ruwan sama da dusar ƙanƙara masu yawa da aka yi a 1976 da 1977 suka ɗago abin da ke ƙasa: ruɓaɓɓun ganguna suka leƙo a bayan gidaje, baƙin ruwa mai wari ya riƙa tsattsafowa ta bangon ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Gwaje-gwaje suka nuna sinadarai masu guba, ciki har da benzin da dayoksin.

Wata matar aure, Lois Gibbs, wadda ɗanta ke makarantar kuma yake yawan rashin lafiya, ta bi gida-gida tana tattara sa hannu. A ranar 2 ga Agustan 1978 kwamishinan lafiya na jihar ya ba da shawarar a kwashe mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 2. Bayan kwana 5, Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci. An fara da kwashe iyalai 239, daga bisani adadin ya haura 900.

Abin da ya sauya harkar filaye shi ne dokar da Carter ya rattaba wa hannu a Disambar 1980, wadda aka fi sani da Superfund. Ta ware dala biliyan 1.6 domin tsabtace gurɓatattun wurare, sannan ta ɗora nauyin biyan kuɗin aikin a kan wanda ya zuba sharar, da wanda ya yi jigilarta, da kuma wanda ya mallaki filin a yau, ko da bai san komai ba. Ma'ana, mai sayen tsohuwar masana'anta yana iya gadon bashin da ya ninka darajar filin. Bankuna ma suka tsorata, domin filin da suka karɓa jingina na iya zame musu ƙarfen ƙafa.

A 1986 majalisar dokoki ta buɗe ƙofa guda: mai saye zai kuɓuta idan ya tabbatar da cewa ya yi cikakken binciken da ya dace kafin ciniki. Daga wannan sharaɗi wata sabuwar sana'a ta tsiro, kuma a 1993 ƙungiyar tsara ma'aunai ta ASTM ta fitar da ƙa'idojinta.

Matakin farko na binciken aikin masanin tarihi ne, ba a ɗibar ƙasa ko cokali guda. Mai bincike yana bin takardun mallaka daga hannu zuwa hannu, yana duba tsofaffin hotunan sama da taswirorin da kamfanonin inshorar gobara suka zana tun ƙarni na 19, waɗanda ke nuna inda tankin mai ko maƙera suka taɓa zama. Yana zagaya filin da ƙafa, yana lura da wurin da ciyawa ta ƙi tsirowa, yana tambayar tsofaffin ma'aikata da maƙwabta. Idan wani abu ya tayar da zargi, sai a shiga mataki na biyu, a haƙa ramuka, a ɗebi samfurin ƙasa da ruwan ƙarƙashinta a kai ɗakin gwaji. Hukuncin ƙarshe ya danganta da abin da za a gina. Gurɓatar da za a iya lulluɓewa da kwalta a yi wurin ajiye motoci, ba za a lamunce ta ba a filin wasan yara.

Dokar ta zo da nata lahani. Tsoron gadon laifi ya sa masu zuba jari suka guji tsofaffin unguwannin masana'antu, suka koma cin gonakin bayan gari, kangwaye suka yawaita a tsakiyar birane. Wannan ya sa a Janairun 2002 aka yi sabuwar doka da ta sassauta wa mai sayen da ya yi bincike, ko da ya san akwai gurɓata, muddin ya ɗauki matakan kariya. Shi kuwa Love Canal, kamfanin Occidental da ya sayi Hooker ya amince a 1995 ya biya gwamnatin tarayya dala miliyan 129. An cire wurin daga jerin Superfund a 2004, amma sharar na nan binne a ƙarƙashin murfi, an kewaye ta da shinge, ana ci gaba da tace ruwan da ke fitowa daga gare ta.

Nijeriya ta sami nata darasi a 1988, lokacin da aka gano shara mai guba da aka shigo da ita daga Italiya aka jibge a garin Koko. Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta biyo baya a 1992, sai dai hankalinta ya fi karkata ga abin da sabon aiki zai haifar, fiye da abin da tsohon ya bari a ƙasa. Masaƙun Kakuri a Kaduna da suka durƙushe sun shafe shekaru suna aiki da sinadaran rini, majemun Kano kuma da kuromiyam suke jima. Duk ranar da aka yanka irin waɗannan filaye fuloti-fuloti, mai ginin zai fara ne da haƙa rijiyar burtsatse, iyalinsa su sha daga ƙasar da ba wanda ya binciki tarihinta. Tsofaffin ma'aikatan da suka san inda ake zubar da dagwalo suna raye, kuma tambayarsu ita ce mafi arha a cikin duk matakan binciken.